Sharhi a Kan Wani Shagon Haɗa Kwamfuta a Ringim, Inda Ake Ƙirga Fin Kafin a Sayar da Fawa-fak

A garin Ringim, ba nisa da tashar mota, akwai wani ƙaramin shago mai ƙofa ɗaya wanda mai shi yake gyaran kwamfuta, yake kuma haɗa sabuwa daga kayan da mutum ya kawo ko ya sa aka sayo masa. Na ga ya dace in rubuta abin da na gani na aikinsa, wanda ya gamsar da ni da wanda bai gamsar da ni ba, saboda a yankinmu duk wanda kwamfutar teburinsa ta samu matsala, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ya saka ta a bayan mota ya nufi Kano, alhali wani lokaci abin da yake nema yana kusa da shi. Ni mazaunin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, ina da ɗan wurin buga takardu da zana katin gayyata da kalandar biki, ina kuma koya wa 'yan sakandare amfani da kwamfuta kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ba a rubuta ta sai a kan na'ura. Aiki biyu na kai wa wannan bawan Allah. Na farko shi ne ya haɗa mini kwamfutar zane daga madabod, wato babban faifan da sauran kaya suke hawa kansa, wanda ake taƙaita sunansa a ce bod, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da katin hoto mai sarrafa abin da ke fitowa a allo, waɗanda ɗan ƙanwata ya aiko mini daga birni. Na biyu kuma ya tayar da wata tsohuwar kwamfutar ofis 'yar Beljiyam da ta daina kawo wuta. Dukkan ayyukan sun tsaya ne a kan abu guda, wato fawa-fak, akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke bayan kwamfuta, da kuma ko kawunan wayoyinsa sun dace da soket ɗin da ke jikin bod.

Wutar da ke fitowa daga bango a Najeriya bolt 230 ce, mai kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kayan cikin kwamfuta kuwa ba sa cin irinta. Abin da suke buƙata wuta ce tsayayya irin ta batir, mai bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3, kuma fawa-fak ne yake sauya waccan ta koma waɗannan, ya raba wa kowane sashe rabonsa ta wayarsa. Tsarin da yawancin kwamfutocin tebur suke bi sunansa ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, kuma albarkacinsa ne kayan kamfanoni daban-daban suke iya zama a akwati ɗaya su yi aiki tare. Sai dai tsarin bai tsaya wuri ɗaya ba. An yi ta ƙara kawuna, an yi ta ƙara fin, wato 'yan ƙarafan da ke cikin kowane kai masu ɗaukar wuta, wasu manyan kamfanoni kuma sun yi gaban kansu, kasuwarmu kuwa cike take da tsoho da sabo a gauraye, na hannu da na kwali a kanta ɗaya. Mai saye yakan zuba kuɗinsa a kan ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, da furosesa, sannan ya nemi fawa-fak da canjin da ya rage, mai sayarwa ma yakan miƙa masa duk wanda hannunsa ya kai gare shi muddin lambar wat ɗin da aka rubuta a jiki tana da girma.

A wannan shagon ba haka aka yi mini ba, kuma a nan ne ya fara samun yardata. Mai shagon bai nuna mini fawa-fak ko ɗaya ba sai da ya fitar da madabod ɗin daga ledarsa, ya ɗora a kan kwalinsa, ya bi gefensa da tsinken biro yana ƙirga ramukan kowane soket. Babban soket ɗin da ke gefen dama, kusa da mazaunin ram, yana da ramuka 24. Ya bayyana mini cewa tsofaffin bod suna da 20 ne, kuma a 2003 aka ƙara huɗu domin ramin katin hoto na PCIe ya samu wutar da yake bayarwa, wadda takan kai wat 75. Shi ya sa da yawa daga cikin fawa-fak suke zuwa da babban kai mai rabuwa gida biyu, 20 a haɗe da 4 a gefe, domin ya yi wa tsohon bod aiki ya kuma yi wa sabo. Gargaɗin da ya biyo baya shi ne wanda nake so mai karatu ya riƙe. Waɗannan huɗun da suke ɓallewa daga babban kai ba su ne na furosesa ba, ko da yake girmansu ɗaya da ido. Nasu wayoyin launi huɗu ne, rawaya da ja da ruwan lemo da baƙa, wato bolt 12 da 5 da 3.3 da wayar ƙasa wadda wuta take komawa ta cikinta, na furosesa kuwa rawaya biyu ne da baƙaƙe biyu kawai. Wanda ya kai na farkon mazaunin na biyun ya aika wa furosesa wutar da ba tata ba.

Soket ɗin furosesa yana can sama ta hagu, a lungun da hannu ba ya shiga da sauƙi idan an riga an ɗaura bod a akwati. An fara shi da fin huɗu a shekarar 2000, zamanin Pentium 4, daga baya mai fin takwas ya zama ruwan dare, kuma shi ma yawanci yana rabuwa huɗu da huɗu. Nawa bod ɗin mai takwas ne, fawa-fak ɗin da ya zo kyauta a cikin akwatin da na saya kuwa huɗu kawai yake da shi. Na tambaye shi ko zai yi. Amsarsa ta burge ni saboda bai tsorata ni don ya yi ciniki ba. Ya ce: "Malam, gaskiya zai tashi, domin furosesar taka wat 65 ce, huɗun za su iya ɗaukarta. Abin da ya hana ni ɗaura maka shi ba wannan ba ne, katin hoton nan naka ne, ba shi da kan da zai ba shi wuta ko kaɗan." Ya ƙara da cewa yawancin kwamfutocin da ake kawo masa sababbin haɗi, fanka tana juyawa amma allo baƙi ƙirin, ba abin da ya lalace a cikinsu, wannan kan na furosesa ne aka manta ba a saka ba.

Inda ya fi daɗewa yana bayani, ni ma a nan zan daɗe, shi ne kamannin da ke tsakanin kan furosesa mai fin takwas da kan katin hoto mai fin takwas. Duk wanda ya riƙe su a hannu zai rantse abu ɗaya ne, amma ɗaurin wayoyinsu a juye yake. Na furosesa yana da rawaya huɗu da baƙaƙe huɗu, kuma rawayan suna ɓangaren 'yar ƙugiyar da ke maƙale kan a soket. Na katin hoto yana da rawaya uku da baƙaƙe biyar, rawayan kuma suna ɗaya ɓangaren, nesa da ƙugiyar. Ma'anar wannan ita ce idan aka saka na kati a soket ɗin furosesa, bolt 12 zai faɗa daidai inda ya kamata wayar ƙasa ta zauna. Masu ƙira sun san da haɗarin, shi ya sa robar kowane fin take da siffarta, wasu murabba'i wasu kuma an yanke musu kusurwa, ta yadda kan da ba na wurin ba zai ƙi shiga. Amma roba roba ce, musamman ta kayan araha, kuma mai ƙarfin hannu da ya ƙudurta sai ya shiga, zai shigar da shi. Idan fawa-fak ɗin mai kariya ne, zai ɗauke wuta nan take ya ƙi tashi har sai an gyara kuskuren. Idan marar kariya ne, sai dai a ji ƙauri. Mai shagon ya jawo wata durowa ya nuna mini bod-bod da aka kawo masa, lungun soket ɗinsu ya narke ya yi baƙi, kuma ya ce bai taɓa samun nasarar tayar da ko ɗaya daga cikin irinsu ba.

Na tambaye shi yadda mutum zai bambance su yanzu da yawancin sababbin fawa-fak suke zuwa da wayoyi baƙaƙe gaba ɗaya. Ya ce hanya biyu ce, kuma ya sa yaron shagonsa ya nuna mini da hannunsa. Ta farko a karanta rubutun da ke jikin robar, domin ana buga CPU a kan na furosesa, PCI-E a kan na kati. Ta biyu a duba yadda kan yake rabuwa: wanda ya rabu huɗu da huɗu na furosesa ne, wanda ya rabu shida da biyu na kati ne. Ƙa'idar da ya kafa wa yaransa ita ce duk kan da ya nemi ƙarfin da ya wuce na yatsu biyu kafin bakinsa ya fara shiga, a cire shi a sake dubawa, kuma wanda ya shiga daidai a danna shi har sai an ji ƙarar ƙugiya ta kama. Wannan kashi na biyu na ƙa'idar ba ƙarami ba ne, domin kan da ya shiga rabi yakan ɗauki zafi a hankali har ya gasa soket. Irin haka aka yi ta ba da rahoto a 2022 game da sabon kan nan mai fin 16 na manyan katunan hoto, wanda yake ɗaukar wuta har wat 600, inda ya riƙa narkewa a wasu na'urori musamman idan bai zauna sosai ba. Irin wannan kati ba na aikinmu ba ne a nan, kuma babu fawa-fak ɗinsa a shagon.

Da aka zo zaɓen girman fawa-fak, lissafi ya yi a bayan takarda ba kintace ba. Ramin bod yana ba kati wat 75, kai mai fin shida yana ƙara 75, mai fin takwas yana ƙara 150. Katina yana da soket ɗaya mai shida, saboda haka iyakar abin da zai ja bai wuce 150 ba. Ya haɗa da na furosesa, ya ƙara na ram da na ma'ajiyar bayanai, wato SSD da had-dis, da na fankoki, ya bar sarari mai yawa a sama, ya tsaya a kan mai wat 500. Daga nan ya ɗauko guda biyu daga kanta, dukkansu an rubuta 500 a jikinsu da manyan lambobi, ya ce in duba ƙaramin jadawalin da ke ƙasan takardar. A na farkon, layin bolt 12 yana ba da amfiya 18, ma'aunin yawan wutar da ke gudana ke nan, wato wat 216 idan aka ninka bolt da amfiya, sauran adadin duk an cika shi ne da layin 5 da na 3.3 waɗanda kwamfutar zamani ba ta ja sosai. A na biyun, layin 12 yana ba da amfiya 40, wato 480. Furosesa da katin hoto duk daga layin 12 suke sha, saboda haka na farkon sunan 500 kawai yake da shi. Ya ba ni su in ɗaga, na ji na biyun ya fi nauyi nesa ba kusa ba, wayoyinsa ma sun fi kauri. Game da kaurin waya ya ce wanda ya sayi babban fawa-fak mai siraran wayoyi daidai yake da manomin fadama da ya sayi babban injin ban-ruwa ya ɗaura masa siririn tiyo. Na biyun yana ɗauke da tambarin 80 Plus, shaidar da aka fara bayarwa a 2004 ga fawa-fak ɗin da aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja take isa ga kwamfuta, sauran ne kawai yake tafiya a zafi. Bai ɓoye mini cewa ana manna wannan tambari na jabu ba, shi ya sa ba ya dogara da shi shi kaɗai. Kuɗin na biyun ya ninka na farkon har da ɗoriya, kuma shi na saya.

Bai ɗaura shi a kan bod ba sai da ya gwada shi a gabana. Ya lanƙwasa 'yar guntuwar waya, ya haɗa fin na 16 na babban kai, wanda a masu launi shi ne na koriyar waya, da na baƙa da ke kusa da shi, fanka ta tashi. Sannan ya bi layukan da mitar hannu ta awon bolt ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka yarda da shi shi ne kada kowane layi ya kauce fiye da kashi biyar cikin ɗari, wato layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, layin 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25, kuma duk sun faɗa ciki. Ya nuna mini wani fin da yake ɗauke da bolt 5 ko da kwamfuta a kashe take, muddin wayarta tana jikin bango, ya ce saboda shi ne ba ya yarda yaransa su cire ram ko kati sai sun zare waya. Ya kuma amsa da bakinsa cewa gwajin mita ba tare da kaya a kai ba ba ya nuna komai da komai, don haka bayan ya gama haɗi ya bar na'urar tana aiki mai nauyi har yamma kafin ya ce in ɗauka. Ya gargaɗe ni kada in taɓa kwance murfin fawa-fak da kaina ko da don share ƙura ne, saboda manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta bayan an zare shi.

Akwai wata tambaya da ya yi mini wadda ban taɓa jin wani mai sayar da kaya a birni ya yi ba, kuma a ganina ita ce babbar fa'idar kai aiki wurin wanda yake zaune cikinmu. Ya ce: "Malam, wace irin wuta kuke amfani da ita a can wurin naka?" Na gaya masa sola ce da inbata, da janareta idan aiki ya yi yawa, wutar layi kuma idan ta samu, sau da yawa da rauni. Ya ce saboda haka ne ya zaɓa mini wanda aka rubuta 100 zuwa 240 a jikinsa, mai daidaita kansa da kansa, domin irinsa ya fi jure wutar da ta sauka. Amma ya nemi in ɗauko masa hoton takardar jikin inbatar, saboda ƙananan inbata masu araha suna fitar da wuta mai tsalle-tsalle wadda ba ta yi laushin ta layi ba, kuma sababbin fawa-fak sukan yi ƙugi a kanta, wasu ma su kashe kansu daidai lokacin da aka koma batir. Tawa ta dace, da ba ta dace ba da shawarar ta canza. Ya kuma ja hankalina ga ɗan jan makunnin nan da ke bayan tsofaffin fawa-fak, mai lamba 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗayan. Kayan da aka shigo da su daga Amurka sukan iso a kan 115, kuma wanda ya jona irinsu a wutarmu bai duba ba, ƙara ɗaya zai ji, shi ke nan. Duk wanda ya ratsa ta shagonsa sai ya mayar da shi 230 ya manne shi da salatif, saboda yara masu son taɓe-taɓe. Game da ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi yakan haura 40, shawararsa ita ce kada a ajiye akwatin a ƙasa, a ɗora shi a kan tebur nesa da bango, a riƙa hure ragar fankar daga waje.

Aiki na biyu ya fi ba da wahala, kuma ya kamata duk mai sayen kwamfutar ofis ta hannu ya san dalili. Da ya buɗe ta, babu babban soket mai 24 a jikin bod ɗin sam. Manyan kamfanonin da ke ƙera kwamfutocin ofis sun daɗe suna amfani da nasu tsarin: akwai jerin Dell OptiPlex irin su 7020 da 9020 masu babban kai mai fin 8, akwai na HP masu fin 6, akwai na Lenovo masu 14 da masu 10. A irin wannan tsari fawa-fak ɗin kusan bolt 12 kawai yake bayarwa, bod ɗin ne yake sarrafa 5 da 3.3 da kansa, har wutar had-dis ma daga jikin bod take fita. Fawa-fak ɗin kasuwa ba zai shiga ba, kuma a ƙananan akwatuna ko mazauninsa ba zai samu ba. Ana sayar da adafta mai mayar da 24 zuwa waɗannan, ya kuma nuna mini ɗaya, amma ya ce ba zai ba ni shawarar ta ba sai in an rasa na asali, domin a yawancinsu wutar jiran da bod yake so, wato wadda take nan ko da kwamfuta a kashe take, ta bambanta da wadda fawa-fak ɗin kasuwa yake bayarwa, kuma 'yar na'urar da ake cusawa a cikin adafta don cike wannan giɓi ba kowace ce abin dogaro ba. Ya ɗauki hoton lambar da ke jikin matacce, ya tura wa wani abokin cinikinsa a titin Bairut a Kano, aka ba direban da ke bin hanyar Gezawa saƙo. Wanda ya fara zuwa siffarsa ɗaya da nawa amma lambarsa daban, kuma bai ko gwada shi a kan bod ɗina ba, ya mayar da shi da kuɗin motarsa. Na biyun ya dace, kwamfutar ta tashi. Sai dai jiran ya haura mako, kuma ya faɗo a lokacin da ɗalibai suka fi yawa a wurina.

Ina zaune a shagon wani saurayi ya shigo da fawa-fak irin wanda ake cire wayoyinsa ana mayarwa, ya saye shi na hannu babu wayoyin, ya ce: "Oga, ka duba mini cikin buhun nan naka, duk wadda ta shiga ka ba ni." Mai shagon ya ce masa: "Ƙanina, shiga ba ita ce magana ba." Ya bayyana masa cewa ƙarshen wayar da ke zuwa bod ne kaɗai yake da tsari ɗaya a duniya, ƙarshen da ke shiga jikin fawa-fak kuwa kowane kamfani da yadda yake jera nasa, wani lokaci har samfuri biyu na kamfani ɗaya sukan saɓa. Wayar wani za ta iya zama daram a jikin wani, amma ta kai bolt 12 inda had-dis yake jiran 5, ta ƙone shi da duk abin da ke ciki. Saurayin ya fita ransa bai so ba, shagon kuma ya rasa ciniki, ni kuwa na ƙara natsuwa da wanda na ba aikina.

Duk da haka akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba zan rufe su ba. Babba daga ciki shi ne adaftocin da suke rataye a bangon shagon. Akwai masu mayar da tsohon kan Molex mai fin huɗu zuwa na SATA mai ba had-dis da SSD wuta, irin waɗanda aka narka robarsu a kan waya, waɗanda an san su da haɗuwar waya a ciki har su kama da wuta. Akwai kuma masu mayar da SATA zuwa kan katin hoto mai shida, alhali kan SATA abin da yake iya ɗauka a layin 12 bai wuce wat 54 ba, katin kuwa yana da damar jan 75. Ya san duk wannan, shi ne ma ya gaya mini lambobin, amma yana sayar da su ga wanda ya nace. Hujjarsa ita ce idan bai sayar ba za a saya a wani wuri ba tare da ko gargaɗi ba. Na fahimci hujjar amma ban karɓe ta ba, domin mutumin da ya hana saurayin nan waya yana da ikon hana wannan ma, kuma yawancin kwamfutocinmu a ɗakuna masu silin da tarin takardu suke kwana.

Na biyu shi ne rashin rubutu. Ba ya ba da rasit sai an nema, garantinsa kuma na baki ne, "idan ya ba da matsala ka dawo da shi." Ban yi shakkar amanarsa ba, amma kaya mai wannan tsada ya kamata a rubuta lambarsa da ranar sayensa da tsawon wa'adin da aka yarda, saboda mantuwa da kuma ranar da shi ba ya nan. Ranakun da ba ya nan ɗin ma suna da yawa, domin makarantu da ofisoshi sukan kira shi aiki, ya bar yara biyu a shagon. Babban cikinsu ya iya aiki, ƙaramin kuwa har yanzu hannunsa yana gaba da idonsa, na kuma ga ya ɗauki ram da tsakiyarsa a cikin sanyin hunturu, lokacin da jiki yake tara ɗan tartsatsin nan da ake ji idan an taɓa ƙofar mota, wanda ya isa ya lalata ƙananan kayan lantarki. Babu abin ɗaura wa hannu na sauke wannan tartsatsi a shagon. Ɗaurin wayoyin cikin akwatina ma sai da na yi magana aka sake shi, domin an bar ragowar a dunƙule a gaban fankar gaba suna tare iska. Kayan da ke kanta kaɗan ne, fawa-fak na kwali iri biyu ko uku kawai, kuma farashinsu ya ɗan ɗara na Kano, ko da yake idan aka haɗa da kuɗin mota da yinin da mutum zai rasa, bambancin ba ya kai ya kawo.

Kwamfutar zanen ta ratsa hunturu da bazara a wurina, tana aiki a kan inbata da rana, a kan janareta idan an matsa, kuma ba ta taɓa kashe kanta ko sake tashi a tsakiyar aiki ba. Fankar fawa-fak ɗin tana ɗaga murya kaɗan da tsakar rana a watannin zafi, ta lafa da yamma. Tsohuwar ta ofis ma tana nan ɗalibai suna koyo a kanta.

Ga mai wurin buga takardu, ko makaranta, ko wanda yake son haɗa matsakaiciyar kwamfuta a Ringim da Taura da ƙauyukan da ke kewaye, ina ba da shawarar wannan shago ba tare da ɗar-ɗar ba. Mai neman babban katin hoto don tace bidiyo mai nauyi kuwa gara ya nufi Kano, saboda abin da yake buƙata babu shi a nan. Wanda zai je ya tafi da madabod ɗin kansa, da katin hoton, da akwatin, ko aƙalla hotunan soket ɗinsu masu fitowa sosai, ya haɗa da hoton takardar jikin inbatarsa. Idan kwamfutar ofis ce, ya ɗauki tsohon fawa-fak ɗin ko da ya mutu, domin lambar jikinsa ce za a nemo sabo da ita. Ya kuma tabbatar mai shagon da kansa yana nan kafin ya kama hanya, ya nemi a yi gwajin mita a gabansa, a rubuta masa rasit mai ɗauke da lambar kayan da wa'adin garanti kafin ya biya.